Mai tsara cikin gida ko masu aikin hannu: wanne ya dace da aikinka a Zariya?

Wanda zai gyara falo ko ofis a Zariya hanya uku ce a gabansa. Ko ya damƙa komai a hannun mai tsara cikin gida ya karɓi mukulli in an gama, ko ya biya shi kuɗin zane da lissafin kaya kawai sannan ya nemo masu aikinsa, ko kuma ya tafi kai tsaye wurin kafinta da mai fenti da mai POP (farar hodar da ake kwaɓawa a yi silin da ita). Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: aikin zai taɓa bango da silin da wayar wuta, ko kaya kawai za a jera?

In jere ne, kamar ɗakin amarya a gidan da an riga an yi masa fenti, kafintocin Sabon Gari da Tudun Wada sun wadatar. Ka dai auna faɗin ƙofa kafin a haɗa kujera mai zaman mutum uku, ka kuma sayi yadin labule ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin taga, in ba haka ba zai tsaya a miƙe ba tattara.

Inda wannan hanyar ke cin kuɗi shi ne in za a fasa bango. Kowane mai sana'a nasa kawai yake dubawa. Mai POP zai rufe silin tun mai wuta bai gama jan waya ba, washegari a dawo ana huda abin da aka biya. Ƙugiyar fanka kuwa a jikin rufin kankare ko katakon rufi ake kafa ta tun kafin a rufe, don POP ba ya ɗaukar nauyinta. Ka'ida ita ce wuta da famfo tukuna, sai filasta, silin, tayil, fenti, sannan kabad da labule. Sabuwar filasta tana son kamar makonni 4 ta bushe; wanda ya yi gaggawar shafa fenti zai ga yana kumbura yana ɓarewa.

A ganinmu hanya ta tsakiya ta fi dacewa da yawancin gidaje. Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye masu zanen gini duk shekara, don haka ba a rasa mai iya zane a Samaru, inda jami'ar take. Amma kada hoton kwamfuta mai sheƙi ya ruɗe ka, ba da shi ake aiki ba. Ka nemi zanen ɗaki mai awo, da zanen silin da ke nuna mazaunin kowane ƙwan fitila, da wurin kowane soket, da takardar kaya mai adadi.

Takardar nan kana iya gwada ta da kanka. Falo mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 murabba'in mita 20 ne. Tayil mai santimita 60 da 60 galibi guda 4 ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44. In an ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kwali 16 ke nan, kuma a saye su lokaci guda daga zubi ɗaya na kamfani, don launi kan ɗan bambanta. Bangon falon, in tsayinsa mita 3 ne, bai wuce murabba'in mita 54 ba tun ba a cire ƙofa da taga ba. Fenti mai kyau lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, saboda haka bokiti mai lita 20 zai ishi bango da silin shafi biyu. Ka ga an rubuta bokiti 3, ka ce: "Malam, ina sauran za su?"

Damƙa komai ya fi wa mai ofis, ko wanda ke zaune Abuja yana gini a gida. Sai dai ka san yadda ake cajinka. Wani kuɗi tsayayye yake yankawa, wani kaso yake ɗauka daga jimillar aiki, wani kuma ya ce zane kyauta ne alhali ribarsa na cikin farashin kaya. Mai ɗaukar kaso, duk tsadar da kaya suka yi alheri ne gare shi. A rubuta yarjejeniya, a biya mataki-mataki, a riƙe wani abu sai an gyara kurakurai. In daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a ɗauko kaya, a fayyace wa ke da kuɗin mota, wa kuma zai ɗauki asarar abin da ya fashe a hanya.

Ko wa ka zaɓa, gwada shi da yanayin garin. Silin mai hawa-hawa da lunguna matattarar ƙurar hunturu ce. In kwano na yoyo, POP zai yi taswirar ruwa a daminar farko. A gyara rufi tukuna, ko a sa silin roba na PVC. Bangon da gindinsa ke jan damshi ba ya riƙe takardar bango. Katakon MDF, wanda ake matsewa daga garin katako, yana kumbura a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kuma duk katakon da zai taɓa ƙasa a shafa masa maganin gara.

Sai tsarin zamanmu. Baƙon maigida zai shiga falo ba tare da ya ratsa ta wurin mata ba? An bar filin shimfiɗa darduma, tunda alƙibla a nan gabas take ta ɗan karkata arewa? Ina za a ajiye takalma? Wanda ya kwafo zane daga intanet ba ya tuna waɗannan. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka ce ya kai ka aikinsa da ya riga ya sha damina ɗaya, ka duba kusurwar silin da gindin bango da bakin kabad.