WordPress ga mai sana'ar wanke mota da goge ta: inda yake da amfani da inda yake ba da wahala

Mai wanke mota a bakin titi da bokiti da tsumma ba ya buƙatar shafin intanet, masu wucewa sun ishe shi. Wanda yake buƙatarsa shi ne mai aikin tsanaki, wanda zai yini a kan mota ɗaya: ya tsotse ƙurar kafet da ta ƙarƙashin kujeru, ya wanke rufin ciki, ya ciyar da kujerun fata da mai, ya goge fenti da inji har zanen da tsumma ya bari ya ɓace, ya dawo da hasken fitilar da ta yi rawaya. Kuɗin wannan aiki ya ninka na wankin yau da kullum sau da yawa, kuma babu mai miƙa makullin motarsa ga wanda bai ga aikinsa ba. Irin wannan mai sana'a muka sa a gaba wajen auna WordPress, manhajar da ake gina shafin intanet da ita.

WordPress iri biyu ne, kuma nan mutane da yawa suke fara ruɗewa. Akwai WordPress.com, inda kamfanin Automattic yake ba ka masauki bisa sharuɗɗansa. Akwai kuma manhajar kanta da ake samu kyauta a WordPress.org, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kuma a yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Ta biyun muke nufi. Kyauta ce, amma ba ta zama a iska. Abu biyu za ka riƙa biya duk shekara: sunan shafi, da masaukin da fayilolin za su zauna. A Najeriya hukumar NiRA ce ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, kuma .com.ng ya fi .com sauƙin kuɗi, ana biyansa da naira ta hannun kamfanonin da hukumar ta amince da su. Ƙaramin masauki na haɗaka, wanda shafuka da yawa ke zaune a kai tare, ya wadatar da shafi mai fuska (page) biyar. Kafin ka biya, ka tabbatar yana da cPanel, wato allon sarrafa masaukin, da Softaculous, wanda zai girka maka WordPress cikin 'yan mintuna, da kuma takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta, wadda ke sa adireshinka ya fara da https. Idan babu ita, Chrome zai rubuta wa mai ziyara cewa shafin ba shi da tsaro, shi kuwa ya juya.

Akwai maganar da ta fi duk wata fasaha muhimmanci. Ko wa zai gina maka shafin, sunan shafi da masauki su kasance da imel ɗinka da lambar wayarka, kai ne kuma za ka riƙe kalmar sirri. Abin da ke yawan faruwa shi ne mai ginin ya yi rajista da nasa imel, shekara ta zagayo, saƙon sabuntawa ya tafi wurinsa, shi kuma ya canza layi ko kun saɓa. Shafin ya mutu, sunan da ka buga a allon shago da jikin rigunan yaranka ya koma kasuwa kowa na iya saye.

Da an gama girkawa, akwai saituna uku da ya kamata a taɓa kafin komai, duk a ƙarƙashin Settings. A sashen General ka mayar da lokaci zuwa Lagos, domin sau da yawa yakan zo a kan agogon UTC, wanda ke bayan na Najeriya da awa ɗaya; idan ka bar shi, duk alƙawarin da aka ɗauka ta shafin zai iya zamewa da awa guda. A Permalinks ka zaɓi Post name, don adireshin kowace fuska ya zama kalma mai ma'ana maimakon lamba. A Reading kuma akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injinan bincike kada su saka shafin cikin sakamakonsu. Masu gini sukan danna shi yayin da suke aiki, su manta ba su cire ba. Shafi ya yi wata shida yana da kyau, amma Google bai taɓa nuna shi ga kowa ba, mai shi yana ta zargin kasuwa.

Wajen zubin shafi (theme), wato kamanninsa, Astra da Kadence da GeneratePress duk suna da na kyauta, marasa nauyi, kuma sun isa. Shawararmu ita ce a guji zubin da aka ƙera musamman don masu wankin mota, mai hotuna masu yawo da bidiyon kumfa a saman fuska. A kwamfutar mai gini yana burgewa, a wayar abokin ciniki mai ƙaramin data kuwa sai ya yi ta juyawa. A kuma guji na sata, wato zubi ko ƙarin manhaja (plugin) na kuɗi da ake rabawa kyauta a wasu wurare. Sau da yawa akwai muguwar manhaja a ɓoye cikinsu, wata rana a wayi gari shafin wankin mota yana tura mutane wurin caca.

Fuska biyar sun isa: ta farko, ta ayyuka da farashi, ta hotuna, ta bayanin ku, da ta inda kuke. Fuskar farko ta amsa tambaya uku ba tare da an ja ƙasa ba: me kuke yi, a wane gari da unguwa, yaya za a same ku. A fuskar farashi ne masu sana'a suke jin tsoro, suna cewa abokan gasa za su gani. Sun riga sun sani. Wanda bai sani ba shi ne mai motar, kuma idan bai ga farashi ba yakan ɗauka ya fi ƙarfinsa. A raba aikin kashi uku, misali wankin waje da shafa kaki, wankin ciki gaba ɗaya, sai cikakken aiki har da goge fenti, kowanne da farashin ƙaramar mota irin Corolla da na babba irin Highlander ko Sienna, domin mai layin kujeru uku ba aikinta ɗaya da mai layi biyu ba. A rubuta abin da ke cikin kowane kashi da awannin da yake ci. A kuma faɗi gaskiya cewa kujerun yadi suna buƙatar lokacin bushewa, wanda ya fi tsawo da damina, kuma goge fenti yana cire zanen sama ne kawai, ba ya cike wanda ya kai ga ƙarfe. Wannan layi ɗaya yana kashe rigima da yawa kafin ta taso.

Hotuna su ne jarin shafin, su ne kuma suke kashe shi. Hoton da ya fi sayar da aikin goge fenti shi ne na rabi da rabi: a manna tef a tsakiyar bonet ɗin baƙar mota, a goge gefe ɗaya, a cire tef, a haska tocila a kan layin. Gefe guda za ka ga zane kamar saƙar gizo ya kewaye hasken, ɗaya gefen kuma hasken ya tsaya cak kamar a madubi. Haka fitila: ɗaya a gyare, ɗaya da hazonta, a hoto guda. Hoton kafin aiki da na bayansa a ɗauke su daga wuri ɗaya, cikin haske ɗaya, in ba haka ba mai kallo zai ce dabarar kyamara ce. A rufe lambar mota, a nemi izinin mai ita. Kada a ɗauko hoton Ferrari daga intanet. Mutumin Hotoro ko Barnawa yana son ganin Camry irin tasa da ƙurar hunturu ta shige mata ko'ina.

Matsalar ita ce nauyi. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 3 zuwa 5, ashirin daga cikinsu sun doshi megabait 80. Kafin a ɗora, a rage faɗin kowanne zuwa kamar fiksel 1,600, a matse shi ya koma ƙasa da kilobait 200. Squoosh na Google yana yin wannan kyauta a cikin burauza, kuma WordPress yana karɓar hoton WebP, tsarin hoto mara nauyi, tun fitowar 5.8 a 2021. Bayan haka a gwada saurin shafin a PageSpeed Insights na Google, a duba sakamakon waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Ta ɓangaren karɓar aiki, WordPress yana da manhajojin ɗaukar alƙawari irin su Amelia da Bookly, kuma suna aiki. Sai dai ga mai rumfa ɗaya da yara biyu, a ganinmu sun yi yawa. Ba ka san awannin da mota za ta ci ba sai ka ga halin da take ciki, kuma abokan cinikinmu sun fi sakewa da magana. Maɓallin WhatsApp ya fi komai kawo aiki. Ana haɗa shi da wa.me, sai 234, sai lambarka ba tare da sifirin farko ba, babu alamar tarawa, babu tazara. Barin sifirin nan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma maɓallin ba zai kai kowa wurinka ba. Ana iya sa saƙo ya zo a rubuce, yana tambayar irin motar da aikin da ake so, sai ka nemi hoton kujeru da kafet kafin ka yanke kuɗi. Idan ka sa fom na imel kuma, ka haɗa shi da WP Mail SMTP, domin saƙon da WordPress ke aikawa kai tsaye daga masaukin haɗaka yakan faɗa akwatin shara ko ya ɓace. Mai zuwa gida ya yi aiki yana iya karɓar kafin alƙalami ta Paystack, wanda ke da shafin biya da ake haɗawa ba tare da rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba. Hakan yana rage masu sa ka ɗauko janareto da ruwa ka tarar sun fita.

Babban raunin WordPress shi ne ba a gina shi a manta da shi. Kowane ƙarin manhaja ƙofa ce, kuma ta waɗanda ba a sabunta ba ne masu kutse suka fi shiga. A tsaya a kan biyar ko shida, a kunna sabuntawa ta kai tsaye wadda ta zo tun fitowar 5.5 a 2020, a sa UpdraftPlus ya riƙa ajiye kwafin shafin a Google Drive duk mako, kada kuma sunan shiga ya zama admin. Wanda ya san ba zai iya ware rabin awa a wata don wannan ba, kuma ba shi da wanda zai yi masa, Wix, wani dandalin gina shafi, ya fi masa sauƙi, tunda kamfanin ne ke kula da tsaro. Abin da zai bayar a madadin haka shi ne 'yanci: ba a kwashe shafin Wix a kai wani masauki, kuma na kyautarsa yana zuwa da tallarsu da sunansu a adireshi. Waɗanda suka dogara da shafin kyauta da Google ke haɗawa daga bayanan kasuwanci sun ga irin wannan a Maris 2024, lokacin da kamfanin ya rufe su duka. Shafin WordPress kuwa naka ne, ka ɗauke shi ka koma duk inda ka ga dama.

Gina shafi ba ya kawo mota ko ɗaya sai an nuna wa mutane hanyarsa, kuma ga sana'ar da abokan cinikinta ke cikin gari ɗaya, hanya mafi girma ita ce Google Business Profile, wanda ke sa ka fito a taswira. Kyauta ne. A zaɓi rukunin Car detailing service a matsayin na farko, Car wash na biyu. A rubuta sunan kasuwanci yadda yake a allo. Cusa masa kalmomi irin su sunan gari da "mafi kyau" ya saɓa dokarsu kuma yana jawo dakatarwa. Mai zuwa gida yana iya ɓoye adireshinsa ya lissafa yankunan da yake zuwa, har 20. Tabbatarwa yanzu sau da yawa ta bidiyo ce, don haka a shirya allo da kayan aiki a gani. Suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a shafi da taswira da Facebook. Google ya bayyana cewa abu uku yake dubawa: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Na ukun ne ya fi buƙatar aikinka, kuma ra'ayoyin abokan ciniki ne ke gina shi. Lokacin roƙo shi ne sa'ad da mai mota ya buɗe ƙofa ya ji ƙamshi, yana shafa dashbod: "Alhaji, in aikin ya yi maka, zan turo maka wani layi a WhatsApp ka rubuta mana kalma biyu." Sayen ra'ayi ko ba da ragi a madadinsa ya saɓa dokar Google, kuma ana goge su.

A cikin shafin, ƙarin manhajar Rank Math ko Yoast zai ba ka wurin rubuta kanun kowace fuska, wanda ke fitowa a sakamakon bincike. Ka tsaya kusa da haruffa 60, ka sa aikin da sunan gari. Masu motoci da yawa da Turanci suke bincike ko da Hausa suke magana, don haka kanun ya ɗauki kalmar da suke bugawa, bayanin kuma ya zo da harsunan biyu. Sai a yi rajista a Google Search Console a miƙa taswirar shafin (sitemap), wato jerin fuskokinsa.

Idan za a kashe kuɗin talla, tallar Facebook da Instagram mai kai mutum WhatsApp kai tsaye ta fi dacewa, a taƙaita ta ga 'yan kilomita kewaye da shago, da bidiyon rabi da rabi na daƙiƙa goma sha biyar. A sake ta mako biyu kafin Sallah da kuma ƙarshen hunturu. Dillalan motocin Kwatano kuma a buɗe musu fuska tasu daban, da farashin mota biyar zuwa sama, domin su ne masu kawo aiki a watannin da kasuwa ta yi sanyi.