Zuwa Garwa kallon Super Eagles ta hannun kamfanin tafiye-tafiye: abin da ya biya da abin da bai biya ba

Masu tambayata ko kuɗin da na biya kamfanin da ya kai mu Garwa ya yi amfani, ga amsa a fili: a hanya sun fita kunyarmu, a masauki sun gaza, a maganar tikiti kuma sun yi mana abin da bai kamata ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ire-irensa suna da yawa kuma kusan tsarinsu ɗaya ne.

Abin da suka tallata mana shi ne mota daga Kano zuwa Garwa da dawowa, ɗakin kwana, karin kumallo, da tikitin wasannin Nijeriya a gasar cin kofin nahiyar Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairu 2022. Abin da ya ja ni shi ne kusanci. An jefa Nijeriya a rukuni ɗaya da Masar da Sudan da Gini-Bisau, aka kuma ajiye rukunin a Garwa, birnin da ke bakin kogin Binuwai, wanda shi ne dai kogin da ya ratsa ta Yola. Ban san yaushe za a sake kawo mana gasa irin wannan har bakin ƙofa ba.

Hanyar ita ce na fi jin daɗinta, kuma dalilin mutum ɗaya ne, jagoran da suka haɗa mu da shi daga Jimeta. Dattijo ne ɗan Adamawa, yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, ya daɗe yana safara tsakanin ƙasashen biyu. Tun kafin mu tashi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba fasfo, da katin rigakafin shawara, da shaidar allurar korona. Ya zuba takardun kowa a leda daban, ya rubuta lambar kujera a kai. Mutane da yawa sun ɗauka Kamaru tana cikin ECOWAS, alhali ba ta ciki. Ƙungiyarta ta ƙasashen tsakiyar Afirka ce. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara, amma takardunsa dole su cika. Duk shingen da muka isa, shi yake sauka da ledojin a hannu, ya yi gaisuwa cikin ladabi, ya amsa tambayoyi, mu muna zaune a mota. Akwai wani matashi a cikinmu da ya so ya sauka ya yi bayani da kansa, dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, zauna, wannan aikina ne." Wallahi ko don wannan bawan Allah kaɗai, rabin kuɗin ya halatta.

Shi ne kuma ya hana wasunmu asara a wajen canji. Akwai waɗanda suka taho da sefar Nijar a aljihu suna ganin ai sefa sefa ce. Darajarta ɗaya da sefar Kamaru a kan yuro, amma takardun daban ne, kuma mai shago a Garwa ba lallai ya karɓi ta yammacin Afirka ba. Ya kai mu wajen 'yan canjin da ya sani, aka juya mana naira ba tare da an tsuga mana ba. Ya ce mu sayi layin waya na can, MTN ko Orange, maimakon mu bar na gida yana shan kati. Motar kanta ba sabuwa ba ce, na'urar sanyaya iska tana yi tana hutawa, ƙurar hunturu kuma ta yi mana fari fat, amma ba ta taɓa tsayawa da mu a daji ba.

Masauki ne ya fara ɓata mini rai. A hoton da aka turo mana ta WhatsApp, ɗaki ne na mutum biyu a otal. Da muka isa sai aka wuce da mu wani gida da aka kama haya a bayan gari, aka shimfiɗa katifu a ƙasa, ɗaki ɗaya ya ɗauki ninkin abin da aka faɗa. Na san Garwa ba Yawunde ba ce, otal-otal ɗinta ba su da yawa, ga tawagogin ƙasashe huɗu da alƙalan wasa da 'yan jarida duk sun riga mu. Da sun faɗi haka tun a Kano da babu wanda zai yi fushi. Ruwa yana zuwa da asuba ya ɗauke, soket ɗin bango kuma irin na Faransa ne mai rami biyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. Waya sama da goma aka riƙa bi layi a kan mahaɗi ɗaya da wani ya sayo a kasuwa. Karin kumallon, burodin nan dogo ne da shayi, kullum.

Abin da ya rage zafin shi ne garin. Ban ji kaina baƙo ba. Fulatanci ne ya fi yawa a baki, amma a kasuwa da tasha Hausa tana fitar da kai ko'ina. Masallaci ba sai ka nema ba, abinci ba sai ka tambayi yadda aka yanka ba. Da yamma mukan hau acaɓa mu gangara wajen masu gasa kifin Binuwai, a kawo shi da yaji da albasa, a kora da zoɓo mai sanyi. Tsire da kilishi kuwa kamar kana Sabon Gari. Mutanen Garwa sun san ƙwallo, garin ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ne, kuma a filinsu na Roumdé Adjia aka buga wasannin. Sun ɗauki Super Eagles tamkar tasu. Mai acaɓa yana ganin koriyar riga sai ya fara lissafo maka sunayen 'yan wasa, Ahmed Musa a kan gaba.

Ranar 11 ga Janairu, wasan Masar, ita ce ranar da kamfanin ya kusa jawo mana babbar asara. Dokar gasar ita ce sai da shaidar rigakafin korona da sakamakon gwaji ake shiga fili, an kuma taƙaita 'yan kallo zuwa kashi 60 cikin 100 a wasannin da ba na mai masaukin baƙi ba. Wannan yana nufin layi biyu, na gwaji da na ƙofa, ga ranar Garwa mai dukan kai. Wakilin kamfanin da ke riƙe da tikitinmu bai iso ba sai da la'asar ta kawo jiki, alhali ƙarfe 5 za a take wasa. Muna tsaye muna jin ihun filin daga waje, kowa ransa a ɓace. Jagoran nan ne ya sake ceton mu, don tun da hantsi ya tasa mu gaba muka yi gwajin. Allah ya sa muna kan kujerunmu lokacin da Kelechi Iheanacho ya ɗaɗa ƙwallon nan a raga a minti na 30. Na ga Mohamed Salah da idona yana yawo a gaba babu mai ba shi ƙwallo, na ga Moses Simon yana wahalar da mai tsaron bayansu har ya ba ni tausayi. Talabijin ba ya nuna maka yadda ɗan wasa ke gudu lokacin da ƙwallo ba ta wajensa, kuma wannan ne abin da na fi ƙaruwa da shi a tafiyar.

Sudan ta sha 3-1 ranar 15 ga wata, Gini-Bisau ta sha 2-0 ranar 19, Sadiq Umar ɗan Kaduna ya ci ta farko. Nijeriya kaɗai ce ta cinye wasanninta uku a zagayen rukuni, duk da cewa babu Victor Osimhen, kuma Augustine Eguavoen riƙon ƙwarya yake yi bayan sallamar Gernot Rohr a watan Disamba.

A nan ne babban laifin kamfanin ya fito. Tallar ta ce "wasannin Nijeriya". Muna gama murnar wasa na uku sai aka tara mu aka ce kuɗinmu na zagayen rukuni ne kawai, mota za ta juya gobe, wanda zai tsaya wasa na gaba, wanda daga baya ya zama da Tunisiya, ya ƙara kuɗin ɗaki da tikiti da na motar da za ta dawo ɗaukarsa. Abin da ya ba ni haushi shi ne babu wani abin mamaki a lamarin. Tun a jadawalin gasar an rubuta cewa wanda ya zo na ɗaya a rukuninmu a Garwa zai buga zagayen 'yan 16, ranar 23 ga Janairu. Kamfanin da sana'arsa ke nan ya san da haka. Kamata ya yi su ba mu farashi biyu tun farko, kowa ya zaɓa daidai ƙarfinsa. Sai suka bari sai da zuciya ta ɗauki zafi, lokacin da babu mai iya cewa zai tafi gida, sannan suka yanka abin da suka ga dama. Akwai wani malamin makaranta a ɗakinmu da ya tara kuɗin tafiyar a hankali, dole ya bi motar ya koma, kuma har yau abin yana damuna.

Ni na tsaya, na biya. Tunisiya ta zo da 'yan wasa da yawa a kwance da korona, har kocinta Mondher Kebaier bai samu zuwa ba, amma ta toshe gefen Moses Simon da mutum biyu. Youssef Msakni ya buga daga nesa a minti na 47, ƙwallon ta wuce mai tsaron ragarmu Maduka Okoye. Alex Iwobi ya shigo bai daɗe ba aka ba shi jan kati. Haka aka tashi 1-0. Fitarmu daga fili ta yi sauƙi, ƙofofi a buɗe. Washegari da dare muka ji labarin turmutsutsun filin Olembe a Yawunde, inda mutum 8 suka rasu a ƙofar shiga wasan Kamaru da Komoros. Allah ya jiƙansu. Tun daga nan na ƙara ganin nauyin abin da wakilin nan ya yi mana ranar wasan Masar, domin jinkirin tikiti shi ne yake tura mutane ƙofa a lokacin da ta fi cunkoso.

Wanda zai bi irin wannan kamfani nan gaba, ya nemi a rubuta masa sunan masauki da adadin mutanen ɗaki, a rubuta wasannin da kuɗinsa ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, da farashin ƙarin kwana idan ƙungiya ta tsallake. Tikiti kuma ya kasance a hannunsa tun daren jajiberi. Idan gasar a gari ne irin Garwa, inda harshe da abinci ba matsala ba ne, ni mota da jagora kawai zan saya a wajensu, masauki da tikiti in nema da kaina.