Faifan ne ke mutuwa ko kebul da wuta ne? Amsa kan sabar ƙungiya mai daskarewa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, kace kwamfutar cibiyar unguwarku mai Ubuntu, wadda kuke ajiye rajistar mambobi da darussan ɗalibai a ciki, tana daskarewa, wani lokacin ta ƙi ajiye komai tana rubuta Read-only file system, in an kashe an kunna sai ta lafa kwana biyu ta sake. Wani a cikinku yace a yi mata fsck, wato umarnin gyara tsarin fayiloli, kawai a wuce wurin, wani yace faifan ya mutu a haɗa kuɗi a sayi sabo, kana son sanin wa ke da gaskiya.

Toh kowannensu zai iya zama mai gaskiya, domin matsaloli biyu ne daban masu alama iri ɗaya, kuma abin da ke gyara ɗaya shi ke ƙarasa ɗayar, shi yasa nake roƙonka kada kowa ya taɓa fsck tukuna. Wannan saƙon da kake gani bai faɗi mai laifi ba. A yawancin Ubuntu ana ɗaura ext4, tsarin da ake jera fayiloli da shi a faifan, da umarnin errors=remount-ro, wato da zarar sistem ɗin ya ci karo da kuskure sai ya hana rubutu gaba ɗaya don kar ɓarnar ta ƙaru. Kuskuren kuwa zai iya fitowa daga cikin faifan, ko daga hanyar da ke tsakaninsa da kwamfutar, kebul ɗin SATA ko fawa saflai ko wutar da ake ɗaukewa ana kawowa.

Fara da log, wato bayanan da sistem ke rubutawa kan abin da ke faruwa. Rubuta sudo dmesg -T, in kuma kun riga kun kashe kun kunna to sudo journalctl -k -b -1 zai nuna maka abin da ya faru kafin nan. Idan faifan ne da kansa zakaga kalmomi irin su UNC da media error, da layin I/O error, dev sda, sector da wata doguwar lamba, wato lambar sekta, ɗan ƙaramin yanki a jikin faifan, kuma abin lura shi ne lambar nan ko maƙwabtanta ce ke ta maimaituwa, jiya ita yau ita, domin wurin da ya lalace a jikin faifan baya matsawa. Idan kuma hanya ce sai kaga ICRC ko BadCRC, ko SATA link down, ko hard resetting link, lambobin sekta kuma kullum daban daban ba tsari. Ka duba agogon da ke gefen layukan ma, in kullum daidai lokacin da ake komawa janareta ne abin ke faruwa ai ka samu bakin zaren.

Sai SMART, wato rahoton da faifan ke ajiyewa kan lafiyarsa. Ka saka smartmontools ka rubuta sudo smartctl -a /dev/sda. Can sama zai ce PASSED, don Allah kar wannan ya kwantar maka da hankali, faifai yakan kai gargara yana nan yana cewa PASSED. Ka gangara teburin, kowane abu da lambarsa a gefen hagu, ka dubi adadinsa a layin ƙarshe na dama mai suna RAW_VALUE. Ɓangaren faifai mai mutuwa lambobinsa su ne 5, sektocin da suka lalace aka musanya su, da 187, da 197, waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda zai yi da su, da 198. Ɓangaren kebul lambarsa 199 ce. Kamfanin Backblaze da ke Amurka, masu dubban faifai da ke wallafa alƙaluman mutuwarsu, lambobi biyar suke sa wa ido, 5 da 187 da 188 da 197 da 198, kaga 199 bata ciki, saboda ba ciwon faifai take nunawa ba. Amma 199 bata komawa sifili ko ka canza kebul, don haka ka rubuta adadinta yau a takarda, ka sa sabon kebul a wata kafar daban, bayan kwana biyu ka duba ko ta ƙaru. In ta tsaya shikenan, kun tsira da kuɗin kebul.

Akwai wani wuri da ɓangarorin biyu ke cakuɗewa, kuma mu da wuta ke yawan yanke mana mu ya fi shafa. In wuta ta tafi faifan na tsakiyar rubutu, sektar kan zama rabi da rabi ta fito a 197 alhali jikin faifan ƙalau yake, in aka sake rubutu a kanta sai ta goge. Saboda haka ɗaya ko biyu a 197 da 5 tana sifili ba hukuncin kisa bane. Amma in 5 na hawa, yau 8 jibi 40, ko kana jin ƙas ƙas ƙas daga cikin akwatin, ko buɗe wani fayil ɗaya na sa komai ya tsaya cak na minti guda, wannan faifan tafiya yake yi.

Kuma kar a ɗauka SMART mai tsabta shi ne lafiya. Injiniyoyin Google sun fitar da bincike a 2007 kan faifai sama da 100,000, suka gano kusan kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba sam. A ɗaya gefen kuma wanda ya nuna kuskuren sikanin na farko, wato kuskuren da faifan ke ganowa in yana duba jikinsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta sauran sau 39. Wato in yace bashi da lafiya ka yarda da shi nan take, in yace lafiya lau ka ci gaba da bincike.

Yanzu maganar magani, nan ne nafi son ka tsaya. fsck tsarin fayiloli yake gyarawa, wane fayil ke ina, wane wuri ne fanko, baya gyara jikin faifai ko kaɗan. Kamar littafin bashin kanti ne, in lissafi ne ya rikice sai a zauna a daidaita, amma in gara ce ke cin takardar ai sai a yi maza a kwafe cikin sabon littafi kafin a fara maganar lissafi. In matsalarku wuta ce ko kebul, ka gyara musabbabin, ka tayar da kwamfutar daga filas, ka yi fsck a kan fatishan ɗin da ba a ɗaura ba, magana ta ƙare. In kuwa faifan ne, fsck zai tilasta masa karatu da rubutu a daidai wuraren da yake ciwo, abin da ya kasa ganewa ya yanke shi ya zuba a lost+found da lambobi a maimakon sunaye, kuma abin da ya rubuta ya rubutu babu komawa baya.

GNU ddrescue akasin haka yake, baya rubuta komai a tsohon faifan, kwafa kawai yake zuwa wani. A Ubuntu sunan fakitin gddrescue. Ka tayar daga filas, ka haɗa faifan da girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, ka yi sudo ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb taswira.map, inda sda ne tsohon, sdb sabon, wannan zagayen zai kwashe wurare masu sauƙi ya tsallake masu wuya, sannan ka maimaita da -r3 a madadin -n don ya koma kan masu wuyar. Fayil ɗin taswirar nan ka ajiye shi a wani filas ɗin daban, domin ko wuta ta tafi a tsakiya daga inda ya tsaya zai ci gaba. Wallahi ka duba lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL sau biyu kafin ka danna, in ka juya sunayen biyu fankon zaka kwafa a kan rajistarku. Bayan an gama sai ka yi fsck a kan kwafin. Kaga bambancin kenan, in ka fara da ddrescue alhali kebul ne, asararka 'yan awanni ce kuma ka samu kwafi, in ka fara da fsck alhali faifan ne, asarar zata iya zama aikin mutane na shekaru. Gwajin smartctl -t long ma ka bar shi sai bayan kwafi, shima wahalar da faifai yake.

In duk ka duba ba ko ɗaya, to df -h da df -i ko wuri ne ya cika, memtest86+ ya kwana yana gwada RAM, ka duba zafi a lamba 194, ka buɗe akwatin ka hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka.

In ta kama sai an saya, ni SSD, faifan da babu abin da ke juyawa a cikinsa, zan ce don sistem ɗin, baya tsoron girgiza kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai shi baya ƙara, sau da yawa kuma baya gargaɗi, rana ɗaya kawai zai iya ɓacewa, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi na HDD, wato faifai mai juyawa, wuya. In na hannu za ku saya ku duba lamba 9 a gaban mai shagon, awa 8,760 ce shekara ɗaya, mai 40,000 ya haura shekara huɗu da rabi yana aiki. Ko wanne kuka saya, in babu UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, a gabansa labarin zai maimaitu. Kuma in wani ya kawo shawarar RAID 1, wato faifai biyu masu ɗauke da abu ɗaya a lokaci guda, ku karɓa, amma ku sani abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take, dole dai a samu faifai na waje da ake kwafa duk mako yana kwana a gidan wani mamba, kuma a ce mutum biyu aƙalla sun san fasuwod da yadda ake dawo da kwafin, ba kai kaɗai ba.

Yau dai ka hana kowa aiki a kanta, ka kwashe rajistar da fayilolin da suka fi muhimmanci zuwa filas tun tana buɗewa, sannan ka turo mana hoton teburin smartctl da layukan dmesg masu ɗauke da kalmar ata ko sda mu duba tare.