Mirtazapine ya ba ni barci ya ɗora mini ƙiba, sertraline ma da nasa halin

Duk wanda likita zai rubuta wa mirtazapine saboda fargaba, ya tambayi batun ƙiba tun kafin ya tashi daga kan kujera. Ni ba wanda ya faɗa mini, a jikina na gani.

Abin da ya kai ni asibiti faɗuwar gaba ce ba gaira ba dalili. Ina zaune lafiya lau sai zuciya ta hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, barci kuwa ya ƙaurace wa idona. Likita ya ce ciwon fargaba ne haɗe da damuwa, ya ɗora ni a kan mirtazapine miligiram 15, ƙwaya ɗaya lokacin kwanciya. Tsakani da Allah, daren farko na yi barcin da na manta rabona da irinsa, kuma a hankali gaban nawa ya rage faɗuwa. Da a lokacin na rubuta wannan sharhin, da yabo kawai za ku karanta.

Sai yunwa ta zo. Ba irin yunwar da kuka sani ba ce, wadda mutum zai ci ya ƙoshi ya yi hamdala. Cikina a cike yake tam, amma bakina bai san da zancen ba. Bayan na sha ƙwayar da kamar awa guda, ido na lumshewa, ƙafa na tangaɗi, sai in tsinci kaina tsaye a gaban firji ina cin ragowar abincin dare da sanyinsa, ko ɗumamawa ba na iya jira. Kayan zaƙi kuwa, da ba su dame ni ba, sai na koma ɓoye su a cikin jaka kamar ƙaramar yarinya. Wata safiya zoben da na shekara da shekaru ina sawa ya ƙi fita daga yatsana. Na shafa sabulu, na murza, yatsan ya kumbura ya yi ja, da ƙyar da jiɓin goshi ya fito. Ranar na zauna a bakin gado na sha kuka. Rigunana duk sun matse a hammata, sikeli kullum gaba yake yi, ga mutane da nasu: "Kai, kin yi ɓul-ɓul, lallai hankali ya kwanta!" Wata ma har da raɗa mini ko an samu ƙaruwa ne. Ina murmushi ina amsawa, a zuci kuwa wata sabuwar damuwar ce ke tsirowa a kan tsohuwar.

Da na koma na yi ƙorafi, amsar da na fara samu ita ce in rage ci in riƙa motsa jiki. Wannan maganar ta ƙona mini rai, don wanda bai ɗanɗana yunwar nan ba ne zai faɗe ta da sauƙi haka. Sai da na nace sannan aka yi mini bayanin cewa maganin yana toshe aikin sinadarin histamin a ƙwaƙwalwa, kuma toshewar da ke kawo barci mai daɗin nan ita ce dai ke buɗe ciki. Ke nan ba yadda za a ba ni ɗaya a hana ni ɗayan. To me ya hana a faɗa mini tun farko?

Na je da sunan bupropion a bakina, don shi ake ta ambata idan ana zancen maganin damuwa marar sa ƙiba. Akwai wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2024, na mutane sama da 180,000, wanda ya kwatanta magungunan damuwa da ɗayansu, sertraline, ta fuskar ƙarin nauyi bayan wata shida. Masu shan bupropion sun fi ƙarancin ƙarin nauyi, masu shan escitalopram da paroxetine da duloxetine kuma sun ɗan fi ƙaruwa, duk da bambancin bai kai rabin kilo ba a matsakaici. Likita ya girgiza kai. Ya ce bupropion na damuwa ne, ba a yi shi don fargaba ba, yana ma iya ƙara wa mutum rawar jiki da rashin barci, kuma ba a ba mai farfaɗiya. Paroxetine da amitriptyline, wani maganin damuwar, kuwa shi da kansa ya cire su saboda su ma suna sa ƙiba, ya ce gudun gara ne a faɗa gidan zago. Muka tsaya a kan sertraline, aka janye mini na farkon sannu a hankali.

Makonnin farko ban ji da daɗi ba. Na fara da miligiram 25 kafin a kai ni 50, amma duk da haka sai da na sha tashin zuciya da gudawa, fargabar ma ta ƙaru kamar ana zuga ta. An gargaɗe ni cewa irin waɗannan magungunan sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kama aiki, shi ya sa na daure. Kuma ya kama. Yanzu waya na ƙara ba na zabura, ina shiga taro ba tare da na fara neman ƙofar fita ba. Yunwar dare ta tafi gaba ɗaya, in na ci na ƙoshi shi ke nan. A kan wannan kaɗai na so in ce sertraline ya gama mini komai.

Amma ina rubutun nan ina tuno abubuwan da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙibar da na tara tana nan daram, sikelin dai ya daina hawa, saukowa kuwa sai a hankali ƙwarai. Ina farkawa tsakar dare jiƙe sharkaf da gumi. Sha'awa ta yi ƙasa sosai, abin da mutane ke jin kunyar faɗa wa likita alhali yana cikin illolin da aka fi sani ga wannan rukunin magani, kuma ga mai aure ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma wani irin dakushewar zuciya, abin dariya ya zo in yi murmushi kawai, abin kuka ya zo ido ya bushe. In na manta ban sha ba kuwa, jiri ne zai tuna mini, shi ya sa ba a yanke shi farat ɗaya.

Wata da na sani ta sha mirtazapine ɗin nan ba ta ƙara ko kilo ɗaya ba, har tana mamakin ƙorafina, don haka kada wani ya ajiye nasa saboda labarina ba tare da likitansa ya sani ba. Ni dai a kan fargaba da ƙiba na fi gamsuwa da sertraline nesa ba kusa ba, sauran kuwa ban yafe ba. Zuwana na gaba zan tayar da maganar buspirone, wanda aka yi shi don fargaba kuma ba a san shi da sa ƙiba ba, ko da yake shi sau biyu ko uku ake shan sa a yini.