Jones Flagship: allon da ba ya son raggon ƙafa

Shekara uku ina sulu a kan dusar ƙanƙara da allo mai laushi wanda gaba da bayansa iri ɗaya ne. A filin da aka share ba laifi. Amma ranar da na shiga gangaren da ba a taɓa ba, inda ƙanƙarar take kamar gari har gwiwa, sai goshinsa ya dinga nutsewa, cinyar ƙafar da nake sawa a baya kuwa, saboda jingina baya don ɗaga goshin, kamar ana hura mata wuta.

Shi ya sa na koma Jones Flagship, mai tsawon santimita 161. Goshinsa ya fi wutsiyarsa tsawo da faɗi, kuma ya ɗan ɗaga sama, maɗaurin ƙafa ma an ja shi baya kaɗan. Wutsiya ta nutse, goshi ya yi iyo, ba sai na jingina baya ba. Ƙarƙashin ƙafafu a lanƙwashe yake kamar baka, don haka gefensa na ƙarfe yana kama ƙanƙarar da ta daskare. Abin da ya fi burge ni ke nan: a gangare mai tsayi, da gudu, a wurin da wasu suka riga suka tattaka, ko rawa ba ya yi.

Sai dai fa da tauri, da gangan aka yi shi haka. A hankali cikin itatuwa sai ka sa ƙarfi kafin ya juya. Ɗan koyo ya haƙura tukuna. In za ka saya, wajen zaɓen girman allon duba nauyinka da girman takalminka kafin tsayinka. Mai babbar ƙafa ya nemi samfurin mai faɗi, kada yatsu su dinga jan ƙanƙara.