Mai gyaran kwamfuta na kusa da tashar Wudil: yadda ya ceto min sakamakon ɗalibai

Ni ne jami'in jarrabawa a wata ƙaramar sakandare da ke ƙauyenmu, tafiyar kamar minti ashirin a babur daga Wudil. Sakamakon ɗalibai na zango uku, jerin sunayen 'yan aji uku, takardun da muke aikawa ofishin shiyya, duk suna cikin laftof ɗina, wata tsohuwar HP da na saya hannu na biyu. Ba mu da firinta a makaranta, saboda haka kowane ƙarshen zango sai in zuba aikin a filash in kai wani shagon buga takardu. A can na kwaso masifar. Na dawo gida na soka filash, sai na ga duk foldodina sun koma wasu alamu masu 'yar kibiya a gindi, abin da yara ke kira shotkot. Na danna ɗaya, na danna biyu. Kafin Magariba laftof ɗin ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, fanka na ta gurnani, saura kwana huɗu a raba sakamako.

Mutum biyu na fara tambaya, dukansu amsa ɗaya: a yi fomatin. Wato a share komai a sake zubi. Wani abokin aikina ne ya ce kafin in yarda in gwada wani matashi da ke da ɗan shago kusa da tasha, wanda ya yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Wudil.

Shagon ƙarami ne ƙwarai, benci ɗaya, tebur ɗaya, sola a kan rufi. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba sai da ya zaunar da ni ya yi min tambayoyi, kamar yadda ma'aikacin asibiti ke yi. Ina na soka filash ɗin? Wa ya zuba min manhajar rubutu? Yaushe rabon da laftof ɗin ta hau intanet? Da na ce ta fi shekara, domin data tsada gare ta kuma sabis a ƙauyenmu sai an hau tudu, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, takardunku suna nan, ba a cinye su ba, ɓoye su aka yi." Ya buɗe wani baƙin allo ya rubuta layi ɗaya, sai ga foldodina sun bayyana gaba ɗaya. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru min.

Ya bayyana min cewa cutar kwamfuta ce, kuma irin wannan cutar ɓoye fayil na gaskiya take yi, ta ajiye na bogi mai kama da shi. Duk lokacin da ka danna na bogin, kai da hannunka ka tashe ta, ta shiga kwamfutar, sannan ta jira filash na gaba. Ke nan duk malamin da ya karɓi aiki daga wurina a waɗancan kwanaki zai tafi da ita gida. Wannan ya tsaya min a rai fiye da komai, domin mu a makaranta filash ɗaya kan zaga hannu biyar a yini.

Daga nan ya nuna min inda ɓarakar take. Windows 10 da 11, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suna zuwa da mai gadinsu a ciki, Microsoft Defender, kyauta, ba sai ka sayi komai ba. Nawa a kashe yake. Wanda ya zuba min manhajar rubutu ta sata tun lokacin da na sayi laftof ɗin shi ya kashe shi don kada ya kama manhajar, bai kuma faɗa min ba. Shekara da shekaru ina kwana ƙofa a buɗe. Injiniya, haka kowa ke kiran mai gyaran, ya cire manhajar satar, ya sa min LibreOffice wadda kyauta ce kuma halal, tana buɗe takardun Word da Excel. Ya kunna Defender, ya haɗa da intanet ɗin shagonsa ya sabunta shi, sannan ya sa shi irin binciken da kwamfuta ke mutuwa ta tashi ta duba kanta kafin Windows ya gama buɗewa. Na tambaye shi game da Smadav, wata manhajar kashe cutar kwamfuta wadda kusan kowane shagon buga takardu ke da ita. Ya ce ta Indonesiya ce, an yi ta musamman don cututtukan filash, tana da amfani a matsayin mataimakiya, amma kada in ɗauke ta ta maye gurbin babban mai gadi. Na ji daɗin yadda bai kushe ta ba, bai kuma cusa min wata ta kuɗi ba, alhali da ya ce in saya da na saya.

Akwai abin da bai ɓoye min ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma laftof ɗina ta tsufa da ɗaukar Windows 11. Ya ce Defender zai ci gaba da samun sabon bayani a yanzu, amma in fara tanadin canji. Da na nuna kamar sabuntawa ɓarnar data ce, ya ba ni labarin cutar kwamfutar nan WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila ana neman kuɗin fansa, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta ba. Idan asibitin Turai ya faɗa wannan rami saboda jinkiri, ina ga malamin ƙauye.

Inda na ga gazawarsa shi ne lokaci. Na isa da hantsi, ban bar shagon ba sai bayan La'asar. Shi kaɗai ne, masu waya na shigowa a sa musu gilashi ko a cire musu makulli, yana tashi yana dawowa. Wurin zama babu, zafi kuma sai wanda ya gani. Kada ma ka je ranar Juma'a, ranar kasuwa ce, ba za ka samu kansa ba. Sannan ba ya ba da rasit, wanda ga mai son makaranta ta mayar masa da kuɗinsa matsala ce. Naira dubu biyar ya karɓa har da datar da ya ƙona. Masu fomatin sun ce min dubu uku, amma da na bi su da sakamakon zango uku ya tafi.

Kafin in tashi ya sa ni na yi abubuwan da hannuna, ba kallo kawai ba. Na soka filash, na danna ɓangaren dama na linzami, na zaɓi a bincika shi kafin a buɗe. Ya kunna min yadda zan riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil, ya ce duk takardar da aka turo ta WhatsApp ko imel da sunan fom ɗin ɗaukar aiki ko tallafi, in na ga ta ƙare da exe, ba takarda ba ce, kada in taɓa. Ya buɗe min Google Drive, ma'ajiyar fayil a intanet mai ba da gigabait 15 kyauta, muka ɗora foldar sakamako a can. Ya ce idan zan buga takarda in mayar da ita PDF in tura wa mai shagon ta waya, filash ɗina ya zauna a aljihu.

Na raba sakamako a kan lokaci. Ranar Litinin da ta biyo baya na tattara filash bakwai na malamanmu na bincika su ɗaya bayan ɗaya a ofis, huɗu suna ɗauke da cutar. Shugaban makaranta ya amince duk ƙarshen wata in hau babur da laftof biyu na ma'aikata in kai su Wudil a sabunta, kuma shagon nan zan riƙa kai su.