Jama'ar Aboabo da Asawase a Kumasi, a kula da mai feshin kiyashin nan

Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi da farko ban so na rubuta ba don kunya, a ce da girmana a yi min wayo a ƙofar ɗakina, amma abin da ya biyo baya ya wuce maganar kunya.

Tunda ruwan bana ya sauka kiyashi suka hana mu sakat. Gidan haya ne, ɗaki 11 tsakar gida ɗaya, ni kuma alewar madara nake yi ina kaiwa shaguna, to kun san wa za su fara nema. Ka zuba sikari a roba ka ɗaure da leda, da safe ka buɗe ka tarar ya yi ja yana motsi. Gwangwanin Milo, burodin yara, har ta cikin soket suke fitowa a jere kamar masu tafiya Idi.

Ranar wata Asabar sai ga mutumin, riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, kati a wuya, tankin feshi a baya. Hausa a bakinsa ras, Twi ma haka. Wai tare da 'yan tankas, wato jami'an tsafta, yake aiki, maganinsa daga Jamus, feshi ɗaya shekara 2 ba kiyashi ba cinnaka ba kyankyaso, in sun dawo shi ma zai dawo kyauta. Sidi 120 kowane ɗaki. Mma mai koko ta ce ɗana ba ragi? ya ce Mma saboda ke 100. Mu 7 muka biya, ni ta MoMo, wato kuɗin waya, na tura, kuma sunan da ya fito a waya ba shi ne na jikin katin ba, na gani da idona, ya ce ai layin matarsa ne, na yi shiru. Nan ne wautata.

Ya fesa lungu-lungu, gida ya ɗau warin kananzir, kiyashin da abin ya jiƙa suka mutu muna ta sa masa albarka. Kwana 3 suka dawo ta ramin da suka saba. Kira layi a kashe, WhatsApp ya yi bulokin ɗina. Ni a ganina ruwa ne da kananzir kawai.

Da a nan ya tsaya da na bar shi da Allah. Ashe kafin ya fita ya ja wata amarya da ke ɗakin ƙarshe gefe, ya sayar mata da wasu ƙwayoyi 4 masu ruwan toka, a ƙulle cikin leda ba takarda ba suna, ya ce wannan na musamman ne, ta sa a ƙarƙashin gado da dare ta rufe taga. Yarinyar da jariri ɗan wata 5. Allah ya sa mantawa ta yi da su a saman taga ta waje. Ƙanin maigidana da ke sarin masara daga Ejura ya zo gaishe mu, ta nuna masa tana tambaya ko guda nawa ake sawa, wallahi sai da ya miƙe tsaye. Ya ce Anti wannan ai maganin rumbu ne, wanda muke sawa cikin buhunan masara a sito mu kulle mu bar wajen kwana da kwanaki. Aluminium phosphide sunansa, da ya sha damshin iska sai ya fara sakin gas mai guba, warinsa kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma ba shi da makari, asibiti sai dai su yi ta ƙoƙari. Wanda bai manta ba, a 2018 a Accra yara 3 'yan gida ɗaya, biyu tagwaye, suka rasu bayan an sa irin wannan ƙwaya a ɗaki don kashe ƙwari. Inna lillahi. Shi ne wani ke yawo da shi cikin jaka yana miƙa wa mai jego saboda sidi 40.

Ni abin da na fahimta yanzu, duk wanda ya ce feshi ɗaya zai raba ka da kiyashi har shekara 2 ƙarya yake. Waɗanda muke gani 'yan neman abinci ne, uwar tana can cikin bango ko ƙarƙashin siminti tana ta zuba ƙwai, ka kashe dubu yau gobe wasu su fito. Kuma ƙamshin sawun 'yan uwansu suke bi, shi ya sa kullum hanya ɗaya. Na bi layin har ramin na toshe da siminti, ina goge hanyar da ruwan omo safe da yamma, sikari ya koma bokiti mai murfi, ƙafafun teburin alewa kuma kowacce cikin gwangwanin madara da ruwa, dabarar kakanninmu. Ba su ƙare ba amma na samu barci. Mai son magani ya je shagon maganin gona na gaskiya, ga su nan a kasuwar Kejetia, ya sayi mai takarda a jiki da lambar rajistar EPA, wato hukumar kare muhalli, ya faɗa musu na cikin ɗaki yake so. Har allin nan na kyankyaso a ɗaga shi sama, yara ɗauka suke na makaranta ne.

In ya riga ya sayar muku da ƙwayar kar ku jiƙa ta, kar a zuba a gwata ko masai, ruwa ne ke tayar da ita. A fitar da ita waje inda iska take nesa da yara da kaji, a nemi jami'an gona ko na tsafta su karɓa. Wanda ya riga ya sa a ɗaki kowa ya fita, in akwai amai ko ciwon kai ko numfashi na wahala a wuce asibiti kai tsaye, ba maganar manja ko madara.

Mun kai rahoto wajen 'yan sanda da lambar MoMo ɗin, na kuma gaya wa liman ya sanar bayan sallah. Mma mai koko ta ce jikarta ta hango shi ranar Talata wajen Sawaba, rigar dai ita ce, tankin ma shi ne. Don Allah ku tura wa 'yan uwa na can.